Hannun Baba a Cikin Tanki

Anti, don Allah ki ba ni shawara, ina tsakanin mahaifina da waɗansu kifaye, na rasa wanda zan ɓata wa.

Baba masunci ne, yanzu idonsa ya tafi. Tun muna yara yake ba mu labarin wani kifi mai ratsin ja a kogin garinsu, wai saboda yawansu in ka tsoma hannu sai ka ji ruwan na numfashi. Yau kifin ya kusa ƙarewa a duniya. Bara wata cibiya da ke ƙoƙarin ceto shi ta ba ni 'ya'yansa ɗari da ashirin in yi rainonsu a bayan gida. Malamar cibiyar ta ce in raba su tanki huɗu, talatin-talatin.

Ban raba ba. Ranar da na juye su a tanki ɗaya kafin in wanke sauran, Baba ya lalubo bakin tankin ya tsoma hannu. Suka yi ta gogar yatsunsa, can ya ce kogi ya dawo. Tun ranar kullum da hantsi nan yake zama, hannu a ruwa, yana kiran sunayen abokansa da suka rasu. Ni ma in inuwar mangwaro ta sauka kan ruwan, sai in ga kamar ina ganin kogin da ban taɓa gani ba.

To wata tara ke nan, ba su wuce tsawon yatsa ba, bakwai sun mutu. Malamar ta ce ko in raba su a makon nan ko ta kwashe. Gaba kura baya sayaki. Ina tsoron ranar da zai tsoma hannu ya ji ruwa zalla.

Ɗiyar masunci

Ɗiyata, wasiƙarki ta taɓa ni, kuma ban ga laifin zuciyarki ba. Amma malamar nan gaskiya ta faɗa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kifi in ya yi yawa a wuri ɗaya, iskar ruwan ba ta isarsa, ƙazantarsa ta taru, manya su danne ƙanana wajen ci, duk su tsumbure. Wanda ya tsumbure kuwa da wuya ya yi ƙwan kirki, ga shi ƙwan ake nema don kifin ya koma kogi.

Ki raba su gobe, ba sai ƙarshen mako ba. Ki jera tankunan huɗu kusa da kujerar Baba, ya riƙa zagayawa. Sannan kada ki ɓoye masa. Mutumin da ya shafe rayuwarsa yana kama kifi, kina tsammanin yatsunsa ba su gaya masa cewa waɗannan ba sa girma ba? Wataƙila shiru ya yi don kada ya ɓata miki, yadda kika yi shiru don kada ki ɓata masa.

Ki ba shi aikin awo, duk mako ya taɓa ya faɗa miki ko sun ƙaru. Allah ya ja kwanansa, ya nuna masa ranar da ɗaya zai cika masa tafin hannu har ya kasa riƙewa.