Jirgin da Ya Rage Tubali Ɗaya

Na gama jirgin! 'Yata, na gama shi da hannuna, ga shi can a kan tebur da fikafikansa biyu.

Af, ki yafe mini, murna ta sa na tsallake sallama kamar wanda aka koro. Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da jikata Aku da iyayenki. Yaya sabon wurin aiki? Na zaɓi takarda ne saboda a waya, da na ji muryarki sai tawa ta maƙale, mu yi ta "lafiya lau" har mu ajiye.

Jirgin saman nan nake nufi, na tubalan roba, wanda ɗana, mijinki, da Aku suke haɗawa a ɗakin da ke kallon titi kafin ciwo ya kwantar da shi, Allah ya jiƙansa. Tun da kuka koma gidanku yake nan yadda suka bar shi. Tubali ɗaya ne kawai babu, a ƙarshen fiffiken dama. Na duba ƙarƙashin gado, na zazzage aljihun tebur, na ɗaga kafet, ban gan shi ba.

Mai gyaran wayar da ke kusa da tsohuwar rumfata shi ya nuna mini wani shafi a intanet inda aka jera hoton kowane irin tubali da aka taɓa yi. 'Yata, sun fi tururuwa yawa. Sai ka fara zaɓar iri: mai kauri ne, ko shimfiɗaɗɗe, ko mai yankakken gefe. Sannan ka ƙirga 'yan maɓallan da ke bayansa, a faɗi da a tsawo. Sannan launi. Ruwan toka kaɗai kala-kala ne, ni da na ɗauka toka toka ce. Na yi ta zama a bencinsa ina shafa wayar da yatsa har ya ce, "Baba, ko dai in ba ka shagon ne in tafi gida?"

Daga baya ya gaya mini kowane tubali yana da lamba a cikinsa, ƙarama kamar ƙwan kwarkwata. Na ce to wanda ya ɓata ina zan ga cikinsa? Sai dabara ta zo mini. Na cire ɗan'uwansa na ɗaya fiffiken, na ari gilashin da yake duba cikin waya da shi, na karanta lambar da kaina, na rubuta ta a shafin. Sai ga hotonsa ya fito. Ajin yamman da na shiga da furfura a kaina bai tafi a banza ba.

Na biya kuɗi aka aiko da shi, ya iso shekaranjiya a 'yar ambulan. Ya ɗan yi mini gardama, sai da na juya shi kafin ya zauna, amma ya zauna. Ga hoto nan na sa an wanke. Ki nuna wa Aku. Ki ce mata Kaka ya ce ta zo ta ga jirginta.

Naki,
Baba.

*

Zuwa ga Baba,

Wa'alaikumus salam. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Takardarka ta iso, su Mama suna gaishe ka, sun ce yaya ƙafa.

Baba, na daɗe da biro a hannu ban san ta inda zan fara ba. Na san alheri ka nufa, kuma na san wahalar da ka sha. Amma da ka tambaye ni tukuna.

Tubalin bai ɓata ba. Yana wurin Aku. Ranar da za a tafi da babanta asibiti, shi da kansa ya danƙa mata, ya ce, "Riƙe mini wannan. In na dawo ke za ki sa na ƙarshe." Tun ranar yana cikin aljihun rigar makarantarta. In zan yi wanki sai ta tsaya a kaina ta cire shi, ta riƙe a hannu har rigar ta bushe. Ban gaya maka ba don ni kaina ba na iya maganar.

Da na ba ta hoton, ta dube shi, ta ajiye a kan kujera, ta shige ɗaki. Ba ta ci abinci ba ranar. Da na matsa mata, abin da ta ce kawai shi ne, "An gama ba a jira ba."

Yarinyar da ka raɗa wa Aku saboda surutu, yanzu sai ta wuni ba ta haɗa jimla uku ba. Malamarsu ta kira ni har sau biyu. Aku ba ta ambatar babanta, ni ma ba na ambatarsa, haka muke zaune kamar masu ɗauke da ƙwai.

Kana tambayar yaushe za mu zo. Baba, ba ƙin ka na yi ba. Ƙofar ɗakin nan ce ban san yadda zan tsallaka ba. Ina roƙonka kada ka sake aiko da komai a kan jirgin.

Ka yafe mini idan na faɗi abin da ya ɓata maka rai.

Surukarka.

*

'Yata,

Assalamu alaikum. Na karanta. Na sake karantawa a hankali, yadda aka koya mana, ko zan tarar na fahimta ba daidai ba. Daidai na fahimta.

Ba ki ɓata mini ba. Garin neman gira na tsone wa yarinya ido.

Kowace safiya nakan shiga ɗakin in goge ƙura. Kujerarsa tana nan, tabaransa yana kan taga. Giɓin fiffiken nan shi ne abin da idona ke fara sauka a kai, kamar haƙorin gaba da ya fita. Na yi shekaru ina gyaran takalma, hannuna bai saba ganin abu a yage ya bar shi ba. Na ce a raina in na cike shi, za ku sami dalilin zuwa. Gidan ya yi mini girma, 'yata. Tafasa ruwan shayin mutum ɗaya ma abin kunya ne.

Lokacin da nake zuwa ajin yamma, mijinki ne mai duba mini aikin gida, yana ɗan aji huɗu. Yakan sa jan biro ya ce, "Baba, ka sake." Ban taɓa jin haushi ba. Ranar da na karanta lambar nan, shi na so in nuna wa.

Zan cire tubalin da na sa. Ba zan sake aiko da komai ba, kamar yadda kika ce. Ki ba Aku haƙuri a madadina, in kin ga za ta iya ji.

Baba.

*

Kaka,

Ina gaisuwa. Mama ta ce in fara da tambayar lafiyarka. Yaya lafiyarka?

Kaka, ba ka gama jirgin ba. Na sake duba hoton. Fiffiken dama yana kallon baya. In ya tashi a haka zagaye zai yi ta yi har mai ya ƙare.

Na karɓi wayar Mama na shiga shafin da ka ce. Na sa lambar nawa tubalin. Irinsu biyu ne, akwai na hagu akwai na dama, a jere suke, kuma an rubuta a ƙasa. Kai ka karanta lambar na hagu, shi ya sa suka aiko maka da na hagu. Ka saya wa jirgi takalmin hagu biyu. Kai da kake gyaran takalma! Da mutum ya kawo maka haka a rumfa me za ka ce masa?

Shi ya sa ya yi maka gardama. Baba ya ce in tubali ya ƙi shiga ba a danna shi, ba wurinsa ba ne.

Na yi kuka don na ɗauka an gama. Ba a gama ba. Na dama yana wurina.

Kada ka taɓa komai. Kada ka matsar da kujerar Baba. In za ka goge ƙura ka riƙe shi ta ciki, ba ta wutsiya ba, wutsiyar tana cirewa.

Jikarka,
Aku.

Baba, ni ce surukarka, na ƙara wannan a ƙasa. Ita ta rubuta da kanta, ban gyara mata ko harafi ba. Da ta gano kuskuren dariya ta yi har da riƙe ciki, daga nan dariyar ta juye kuka, na riƙe ta muka yi tare. Yau ne ta fara cewa "Baba" da bakinta tun bayan rasuwar. Tana ta tambayata yaushe za a ba da hutu. Ban yi mata alkawari ba, kai ma ban yi maka ba. Ka sa mu a addu'a.

*

Auta,

Assalamu alaikum, ke da maigidanki da yara. Matar yayanki ta zo, ita da Aku. Suna nan gidan tun jiya.

Aku ko jaka ba ta ajiye ba ta wuce ɗakin. Ta zauna a gaban jirgin ta daɗe, tubalin yana hannunta. Sai ta ce, "Kaka, zauna a kujerar, ka riƙe mini cikinsa." Ban taɓa zama a kujerar nan ba tun da ya bar ta. Na zauna, na riƙe. Ta cire wanda na sa, ta ɗora nata, ta danna da babban yatsa, ya ce ƙas, ya shige ba gardama. Nata ya fi sauran duhu, don su rana ta ci su ta taga, shi kuwa yana aljihu.

Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Shi ke nan, ba zai dawo ba ke nan." Na ce, "Ba zai dawo ba." Uwarta tana tsaye a bakin ƙofa, sai ga ta ta shigo, ta durƙusa ta rungume ta. Ni dai ina riƙe da jirgi, ba a ce in saki ba.

Yau da safe surutunta ne ya tashe ni. Wai kafin su koma za ta wargaza shi gaba ɗaya mu gina jirgin ruwa, kuma ni aikina miƙo tubali kawai, tunda ban san hagu da dama ba.

Don haka kada ku yi jinkiri. Ki taho da yaran, ki gaya wa kawunku, ki biya ta wurin mai gyaran waya ki ce ya rufe shago ya zo. Ku zo ku ga jirgin yayanki tun yana tsaye.

Babanki.