Kunnuwan Na-Allah

Jumma'a, 3 Oktoba 2025
An tsaida auren jikata Na'ima, ashirin da biyar ga wata. Dangin ango za su ƙetaro gulbi daga Gaya. Tunda ubanta ya rasu, ni ne waliyyi, ni ka bada ta da bakina. Sai ga Azumi, matata, wai: "Alhaji, ka bar ma Yaya Na-Allah mana. Cikin taro ba ka ji."
Wannan kam na ji ta sarai.

Litinin, 6 Oktoba
Tsakanina da Allah, in mutum guda na magana ina ji. In sunka kai uku, ga kabu-kabu, ga masu sauke albasa, sai zancen ya dame mini kamar kunu. Murmushi nika yi, in ce "haka ne". Wana Na-Allah ko, da ya girme ni shekara biyar, yana zaune bakin rumfata yana jin cinikin da aka yi rumfar gaba, har ya ba ni labari. Wa yat tambaye shi?

Alhamis, 9 Oktoba
Na'ima ta ja mu asibitin Kandi, ni da Na-Allah, an zo da na'urar awon kunne. Na tahi da murna, ina cewa yau asirin tsoho zai tonu. Ashe nawa ne.
Likita yac ce kunnuwanmu guda ne, tsufa ya ci na Yaya kamar yadda yac ci nawa. Bambancin a ƙwaƙwalwa yake. Yat tambayi Yaya ko yana kiɗa. Yac ce gurumi, tun yana yaro. Likita ya gyaɗa kai, wai wanda yad daɗe yana kiɗa, ƙwaƙwalwarshi kan saba tsinto murya guda cikin hayaniya, kuma sabon kan raka shi har tsufa. Wai ko yanzu mutum yaf fara, ba a rasa amfani. Nic ce Allah shi kiyaye.
Gurumi! Abin da Baba yat take da ƙafa gabanmu, yac ce gidan fatake ba gidan maroƙa ba ne. Mu biyu muna son shi, ni ma har na fi shi hannu. Ni na bi maganar Baba. Shi ya riƙa sulalewa ƙauyen Madécali wurin wani makaɗi Bazabarme, ya sha bulala ya koma. Ni na samu albarka, shi ya samu kunne. Astagfirullah. Amma abin ya ƙi barin raina.

Talata, 14 Oktoba
Na-Allah ko gori bai yi mini ba. Da ya yi, da na samu abin faɗa.

Asabar, 18 Oktoba
Suna gidan maƙwabcina Sabiru. An shafa fatiha, kowa ya sauke hannu, ni kaɗai ina ta amin. Na ga masu rufe baki da hula.
Da la'asar Na'ima ta zo da wasanta na jika: "Mijina, an ce za ka wakilta Kaka Na-Allah. Kai ne angona na farko. In ba kai kas sallame ni ba, ba inda za ni." Na yi dariya. Da tat tahi naz zauna ina lissafi. In na amsa ba a wurin amsa ba, gaban mutanen Gaya, kunyar tata ce har ta mutu. In na bar ma shi kuma, ya kwashe kunne, ya kwashe jika. Ina baƙin ciki da ɗan'uwana, na rubuta, ga shi nan.

Asabar, 25 Oktoba
An ɗaura.
Taro ya cika, injin wuta na ruri, maroƙi na kururuwa. Bakin wakilin ango kawai nika gani yana motsi. Zufa ta jiƙa mini riga. Ban kira Na-Allah ba, shi yaz zo yaz zauna, gwiwa da gwiwa, ya tura hannu ƙarƙashin babbar rigata. Yac ce, "Harouna, dubi bakinshi, ka bi yatsana."
Yana ƙwanƙwasa mini gwiwa daidai da maganar mutumen, gaɓa-gaɓa, kamar yana bisa gurumi. Wallahi sai kalmomin sunka fara fitowa. Inda mutumen yat tsaya, ya matse ni. Nic ce, "Na ba ku." Sau uku, ba kuskure. Ba wanda yag gani.
Ko tuwo bai tsaya ci ba. Na so in ce na gode, ta ƙi fita.

Lahadi, 2 Nuwamba
Ya bar guruminshi zaurena, wai mantuwa. Mutumen da ko asibiti da shi yake zuwa. Ban aika mishi ba, ba ni da ɗan aike. Tsirkiya guda ta saki, na ɗaure ta, dole kuma in taɓa in ji ko ta yi.
Azumi ta leƙo: "Alhaji, ƙarar mi nika ji tun la'asar?" Nic ce ni ban ji komi ba, ai ke kic ce ba ni ji.
Gobe zai zo ɗauka. Ya aiko wai in yanke ƙumba kafin ya iso, kada in tsinke mishi tsirkiya wurin koyo.