Takardun Yaya Gethin a Ƙofar Banki

Leeds, ranar Lahadi

Mama,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Kaka? Ni lafiya lau, sharar banki ba wuya.

Yaya Gethin ya zama babba. Shi ke jagorantar ɗalibai masu faɗa da bankinmu, don bankin zai ɗora kuɗin ruwa kan bashin waɗanda suka gama jami'a. Ranar Talata suka lilliƙa takardu a ƙofa, manaja ta turo ni da bokiti in kankare. Budurwarsa ta nuna kitsona ta ce, "Gethin, ga karyar banki, har da wutsiya." Na ɗaga kai ina jiran ya ce ƙanwarsa ce. Ya ce, "Ƙyale ta, ba ta iya karanta abin da take gogewa ba." Na iya, Mama, shi ya koya mini.

Bankin ya janye maganar kuɗin ruwan. Manaja ta lura ni da Yaya Gethin sunan mahaifinmu ɗaya, ta sallame ni, amma zan samu wani aikin. Ki aiko mini rigar sanyina.

Yaya Gethin ya ce ki sayi jaridar Laraba, hotonsa na ciki. Mai durƙuso a gefe ni ce. Ki yanke wurin kafin Kaka ta gani.

Allah ya ƙara miki lafiya.

'Yarki,
Eirlys