Farin Ulu

Yaya Philomena,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki, ya yara? Ki yi haƙuri da rubutun, kin san da furfura na koya.

Muna lafiya a ƙauyen masuntan nan, sai dai hutun ya zame mini ciwon kai. Ɗan naki Cyril da ya kawo ni shan iska na sati biyu, yanzu wai ya ga wurin zama, zai bi jirgin wani tsoho, Ambrose, kamun kifi a teku. Tekun da ya haɗiye mahaifinsa!

Kin san camfin masuntan nan, ba sa yarda da safar hannu sai fara. Da gangan na saƙa masa baƙa don a kore shi. Ambrose na gani ya daka tsawa: "Baƙar safa a jirgina? Sauka, ɗan birni!" Har na fara murna, sai matar Ambrose ta miƙo wa Cyril fara tana dariya: "Maman Cyril, mu ma mun haifa, mun san dabarar."

Kullum da asuba yake fita, ni kuwa in wuni a bakin taga. Ki aiko mini da farin ulu mai kauri. In dai sai ya shiga tekun nan, to ba da saƙar wata ba.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Loretta