Ƙurajen Kyauta da Zannuwan Barka

Tanti Kaltuma, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki hanzarta, don an riga an sa rana. Da an sauke Mauludi za a cire ɗiyata daga nono, ita da ko wata shida ba ta cika ba. An ce nonona ne ke fito mata da ƙuraje.

Kada ki ɗauka daga gidan baƙin ciki wannan wasiƙa ta fito. Ina rubutun nan ina dariya, ga ta can kan tabarma tana kokawa da babban yatsan ƙafarta, ta rantse sai ta kai shi baki. Shekara goma sha ɗaya na yi a ɗakin miji ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Ranar da ungozoma ta ce mini ciki ne, cewa na yi ta sake dubawa, ƙila dambun da na ci da safe ne. Sunanta na yanka ba zai faɗu a bakina ba, ɗiyar fari ce, kuma sunan kakarta ta ci. Kyauta muke ce mata. Ƙatuwa ce, Tanti, cinyoyi ninki-ninki, ga dariya kamar ana yi mata cakulkuli.

Uwar maigidana, wadda nake kira Inna, mutuniyar Tunuga ce. Duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa yi mini gorin haihuwa ba, ko da a kallo. Ita ke raka ni gidan likita, ita ke share mini hawaye in mun dawo. Na faɗi wannan ne don ki san ba ƙararta na kawo ba. Tsohuwar mai sayar da zane ce, ta ƙarar da ƙuruciyarta tsakanin kasuwar Malanbil da ke ƙetaren kogi da ta nan Gaya, don haka ranar suna duk abokan cinikinta suka zo. Daga Bana aka zo, daga Tanda aka zo, na ƙetare suka cika jiragen ruwa. Kowace mace da turminta na zane a ka. Maigidana ya rasa inda zai sa kansa don murna, har ya yi wa mutum ɗaya godiya sau uku bai sani ba. Ranar ce Inna ta buɗe adakarta ta fito da wani tsohon zane baƙi da ya koɗe, wanda ta goyi ɗanta da shi. Ta daɗe tana kallon sa, sai ta ninke ta mayar, ta ce jikar da aka yi wa irin wannan jira ba za a goya ta da tsumma ba.

To, ga ƙa'idar Inna. Zanen barka ba ya ganin ruwa sai wadda ta kawo shi ta gan shi a jikin mai jego. In kin wanke kafin ki je bangajiya, kin nuna ba ki ɗauke shi a bakin komai ba. Saboda haka tun da na yi arba'in, kowane turmi a kai wa tela ya fitar da riga da kallabi da zanen goyo, Inna ta kifa kwando a kan kasko ta turare su da turaren wuta har su ƙoshi, ta yayyafa humra, sannan in saka, in goya Kyauta, mu tafi gidan mai kyautar. Kin san zafin Gaya da gumi, daga ita sai kunzugu nake goya ta. In mun shiga gida a yi ta guɗa, a sauke ta, wannan ta karɓa waccan ta karɓa. Ban taɓa jin daɗin duniya irin na yawon nan ba, kuma har yanzu ko rabin zannuwan ba mu kai ba.

A cikin haka ƙurajen suka fara. Ƙanana ne, a kumatu da ƙirji, sannan baya da wuya da bayan gwiwa. Fatar ta yi kaushi tana ɓarewa, wani lokaci bayan kunnen har ruwa yake yi. Wajen kunzugu kuwa sumul. Ba zazzaɓi, ba ta rage tsotso ba, sai dai ta yi ta goga fuska a jikina tana ƙananan koke-koke. An kawo hoda, an kawo sabuni kala-kala mai ƙamshi. Wata maƙwabciya ta kawo wani mai na matsawa daga kasuwa, na shafa ya share su tas, da na bari suka dawo har da ƙari, wurin ma ya yi ɗan fari. Sai aka koma kan cikina. Aka hana ni gyaɗa, aka hana ni ƙwai, aka hana ni fura, aka hana ni kifi. Mutuniyar Gaya ba kifi, Tanti! Maigidana a waje yake cin nasa ya kurkure baki, ya shigo yana yi mini fuskar tausayi, ni kuwa ina jin ƙarnin tun daga zaure. Inna ta ce shi ma da yana ƙarami ya yi irin wannan fatar, har da ciwon fuka, da ya girma suka bar shi.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne na Tanda. Da damina ta kankama na je can bangajiya wajen mahaifiyata da niyyar kwana ɗaya, ruwa ya yanke hanya, na maƙale kusan mako biyu. Sabon zanen da na je da shi tun ranar farko ya sha taɓo, sai tsofaffin zannuwanta ta ba ni, waɗanda suka sha wanki har sun yi laushi kamar auduga. Ba ta da turare, man kaɗanya kawai take shafa wa jikarta. Ta ce ba za ta ga ɗiyarta tana ramewa ba, ta dafa mini kifi na ci, na haɗa da ƙuli-ƙuli, Allah ya yafe mini. Kullum kuma tana ba ni wani jiƙon sassaƙe na gyaran nono. Kafin hanya ta buɗe fatar Kyauta ta koma sumul. Da muka dawo Inna har rawa ta taka a tsakar gida. Washegari muka ci gaba da bangajiya, mako bai zagayo ba ƙuraje suka dawo. Inna ta ce ai magana ta fito, jiƙon nan ne ya gyara nonon, da ya ƙare ya sake ɓaci. Aka aiko da sassaƙen na sha har na gaji, ba abin da ya canza.

Daga nan aka kira Gwaggo Ajuma, yayar baban maigidana, ta zo ta auna nonon. Aka tatsa a ludayi, ta kamo kiyashi uku ta jefa. Biyu suka yi iyo suka fita, ɗaya ya mutu. Gwaggo ta ce mutuwar ɗaya ta isa shaida. Inna ta ce ƙila dama tsoho ne, kwanansa ya ƙare. Muka yi dariya har da riƙe ciki, amma daga ƙarshe maganar Gwaggo ce ta tsaya. Za a koma da Kyauta kan nonon saniya, an ma yi magana da wata Bafulatana. Maigidana ya ce duk abin da ni da Inna muka daidaita a kai shi ke nan, wato ya gudu.

Tanti, ba na son in saɓa wa matar da ta zame mini uwa. Amma shekara goma sha ɗaya ina kallon mata suna juya baya suna ba 'ya'yansu nono a gidan biki, ina haɗiye yawu. Yanzu da nawa ya zo a ce in bari? In da gaske nonona ke cutar da ita, zan haƙura in yi kukana. Ki gaya mini gaskiya.

Uwar Kyauta, daga Gaya.

Ɗiyata Uwar Kyauta, barka da arziki, barka, barka. Allah ya raya ta, ya sa ta yi ƙanne. Na karanta wasiƙarki na yi dariya har mutanen gidana suka leƙo, sannan na ɗauke ta na kai wa wata likitar yara muka karanta tare, don ni ba likita ba ce.

Amsarki a taƙaice: kada a cire yarinyar nan daga nono. Kiyashi ko a kunun Gwaggo Ajuma aka jefa shi yana iya nutsewa, mutuwarsa ba ta nuna komai. Jaririya mai cinyoyi ninki-ninki ita ce shaidar nononki. Nonon saniya kuwa bai dace da cikin ɗan wata biyar ba, yana kawo zawo, kuma yana sahun gaba a cikin abubuwan da jikin jarirai ke ƙi. Ana iya guje wa ƙuraje a faɗa abin da ya fi su.

Amma bari in ba Inna nata haƙƙin. Gaskiya ne akwai jariran da wani abin da uwa ta ci, kamar madara ko ƙwai, ke tayar musu da fata. Ba su da yawa, kuma ko a nan abincin ake janyewa bisa shawarar likita, ba nonon ba. Ke kuwa kin ci kifi da ƙuli-ƙuli a Tanda yarinya ta warke, kin sha jiƙo a Gaya ba ta warke ba. To mene ne aka bari a Gaya aka tarar da shi da aka dawo? Sake karanta wasiƙarki. Kumatu da ƙirji su ke manne da rigarki, baya da wuya da bayan gwiwa su zane ke kamawa, inda kunzugu ya rufe kuwa lafiya lau. Sabon zane cike yake da sitaci da rini, ga hayaƙin turare, ga humra, ga gumin Gaya. Likitar ta ce bayaninki ya yi kama da abin da suke kira egzema, fata mai bushewa da saurin fushi, wadda ke bin jinin gidan da ake fuka, kamar na babanta. Ba a ɗaukar ta daga wani, kuma yara da yawa na rabuwa da ita in sun tasa. Sai dai ba a yanke wa fata hukunci daga takarda, dole a gan ta da ido.

Saboda haka a makon nan ki kai ta gidan likita. Ki tafi da Inna, ki tafi da maigidan nan da ya gudu, ki tafi da man kasuwar nan a nuna, kuma kada ya sake taɓa jikinta. Irinsa na da ƙarfin da ke sirance fatar jariri. In ana buƙatar magani, likita zai rubuta wanda ya dace da ita. Kafin nan, a wanke duk abin da zai taɓa ta a ɗauraye sosai, a nisanta kasko da humra daga kayanta da naki, a bar hoda da sabuni mai ƙamshi. Wanka gajere da ruwa mai ɗan ɗumi, a tsane ta ba gurzawa, a shafe ta da man kaɗanya tsantsa tun fatar na da danshi, a ƙara duk lokacin da ta bushe. A yanke mata farce. Ke kuma ki koma cin abincinki ɗaya bayan ɗaya kina lura, mai shayarwa ba ta zama da yunwa. In kika ga zazzaɓi, ko mugunya, ko ƙurajen sun yi ɓawo ruwan ɗorawa ko ƙulli mai ruwa, ko leɓe da ido sun kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko jini a kashi, to wannan ba jira, a nufi likita a take.

Saura yadda za a gaya wa Inna, kuma nan ne nake son ki yi hankali. Kada ki ce mata turarenta ya cuci jikarta, matar nan ƙauna ce take turarawa. Ki tambaye ta yadda hannuwanta ke yi a da, in ta wuni tana warware sababbin turame a kasuwa. Ta fi ni da ke sanin abin da ke cikin sabon zane, za ta kai ga amsar da kanta. Bangajiya kuma ba a ce a daina ba. Ki ɗaura kallabin sabon zanen, sauran Inna ta wanke da hannunta, ta san yadda ake yi launi bai zuba ba. Macen da ta ƙetare kogi don ta ga Kyauta ba za ta ji haushin an wanke zane saboda Kyauta ba.

Sannan ki durƙusa ki roƙe ta abu ɗaya. Ki ce kina son baƙin zanen nan na ƙasan adaka, wanda ta goyi ɗanta da shi, ki goyi jikarta da shi daga nan zuwa Mauludi a gani. Ba tsumma ba ne, a duk gidanku babu zanen da ya kai shi laushi. Mace ba ta ajiye zane shekara da shekaru ta fito da shi ranar suna don kawai ta kalla. Ina jin tun ranar take jiran wani ya tambaya.

Allah ya ba Kyauta lafiya, ya bar ku tare da Inna, ya sa Mauludin nan ya same ta a ƙirjinki tana tsotso. In kin ci kifin farko, ki ci da sunana.

Tantinki, Kaltuma.