Masunci Yana Jefa Taru a Busasshen Tafki Saboda Littafinku

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ke buga hukunce-hukuncen kotuna,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi maka barka da kasuwa, duk da kasuwar taka ce kai kaɗai. Ni lauya ne, ofishina yana Gashuwa, kuma ina cikin masu sayen littafinku kowace shekara, ba don so ba, sai don babu alƙalin da ke sauraron lauyan da bai ɗaga shi sama ba. Kukan da na kawo na wasu dattawa biyu ne.

Na ɗaya. Akwai wani tafki a bayan Dagona. Tun kaka da kakanni, idan ya cika na masunta ne, idan ruwa ya janye ya bar laka manoma su shuka shinkafa. Shekarun baya an yi shari'a a kansa tsakanin Malam Gambo masunci da Baba Kyari manomi. Ni na tsaya wa Baba Kyari har kotun ɗaukaka ƙara, kuma da kunnena na ji kotu ta tabbatar da wannan al'ada. Dattawan suka dawo a mota ɗaya, suka koma musayar kifi da shinkafa yadda suka saba.

Na biyu. Da kuka zo bugawa, wani ma'aikacinku, wanda nake kyautata zaton bai taɓa ganin tafkin da ke ƙafewa ba, ya ga maganar damina da rani ta cika shafi, sai ya datse ta. Abin da ya rage shi ne tafki na masunci ne. Shi ke nan.

Na uku. Bana wani lauyan Nguru ya ci karo da shafin, ya kai wa 'ya'yan Malam Gambo, suka shigar da sabuwar ƙara a kotun Nguru. Na miƙe na ce ina wurin aka karanta hukuncin. Mai shari'a ya tuna mini cewa lauya ba ya ba da shaida a shari'arsa, in kawo takarda. Tawa ambaliya ta tafi da ita. Na je rajistar kotu neman ta asali, aka ce an ba ku aro, ba ku dawo da ita ba. Na ce to, bari in sayi littafin ɗaya kamfanin, mai jan bango. Ashe shi ma kun saye shi. Kuskuren yana nan a shafinsa, bango ne kawai ya sake launi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: mu muka yi gumin shari'ar, ku kuke sayar mana da ita, kuma a gutsure.

Na huɗu, wanda ya fi ci mini rai. Kotu ta ce kowa ya tsaya inda yake har a yanke hukunci. Lauyan Nguru ya gargaɗi Malam Gambo kada ya bar tafkin ko na wuni ɗaya, kada a ce ya saki mallakarsa. Ruwa kuwa ya janye tuni. Yanzu haka dattijon nan yana zaune cikin kwale-kwale a kan laka, yana jefa taru yana jawo ƙasa. Idan lokacin salla ya yi, a tsakiyar tafkin yake taimama. Baƙin da ke zuwa kallon tsuntsaye sun bar tsuntsayen, shi suke ɗauka hoto. Baba Kyari yana zaune a gaɓa kan buhun irinsa, suna ɗaga murya suna hira, don babu wanda ke fushi da wani. Na je na gani, na yi dariya, na koma mota kunya ta rufe ni.

Na biyar. Na kai maganar taron lauyoyi inda aka yi muhawara ko ya dace kamfani ɗaya ya riƙe hukunce-hukuncen ƙasa. Ku kuka biya zauren, ku kuka dafa shinkafar. Masu goyon baya da masu adawa duk hularku ce a kansu. Da aka ba ni dama, kafin in kai bakin tafkin aka kashe lasifika, wai lokacin gode wa masu ɗaukar nauyi ya yi. Rahoton taron ma ku kuka buga, na tarar da sunana cikin waɗanda suka yaba muku.

Na rubuto muku, kuka amsa cewa gyara zai fito a bugu na gaba, ga wanda ya sabunta biyansa. Yallaɓai, laka ba ta jiran bugu na gaba. Ta fara tsagewa, kuma in ta bushe babu shuka bana.

Don haka ina roƙo ku dawo wa rajista da takardarta, ku aiko wa kotun Nguru da wasiƙar gyara kafin zama mai zuwa. Hukuncin da alƙali ya karanta a bainar jama'a kuma ku daina kulle shi.

Shekaranjiya Malam Gambo ya aika gidan Baba Kyari a ba shi kwano biyu na shinkafa, kan alkawarin kifi, kamar kowace shekara. Baba Kyari ya kwance buhun irin ya auna masa. Da na yi masa faɗa, cewa ya yi ba zai bar maƙwabcinsa ya kwana da yunwa ba saboda wani littafi da su biyun ba su iya karantawa ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi, ya ba ka ma'aikata masu karanta shafi har ƙarshensa, ya kuma sa kada abincin gidanka ya taɓa rataya a alƙalamin wanda bai san ka ba.

Wassalam.

Naka,
Lauyan Baba Kyari, Gashuwa