Gangaren Kudu

Litinin, 2 ga Oktoba

Ka yi haƙuri, littafi. Don lissafi aka saye ka, ni kuma ba gwanar rubutu ba ce. Amma in ban faɗa wa wani ba zan fashe.

Na tsani Maite. 'Yar kawuna ce, ta dawo daga Kanada wata biyu ke nan, an ba ta rabin ɗakina da duk tagata.

Laraba, 4 ga Oktoba

Gwiwar Kaka Belisario ta hana shi hawan dutse. Ya ce ranar Asabar mu biyu mu je mu ga ko hanyar bukkar awaki ta buɗe. Ya ɗauko min haƙoran ƙarfensa, masu igiyar fata, da ake ɗaure wa takalmi don taka ƙanƙara.

Maite ta yi ta dariya. "Rayén, tarkon dila za ki taka?" Ta nuno nata: 'yar sarƙa mai ƙananan ƙusoshi, kamar abin wuya.

Bakina ba ya buɗuwa sai ta fita.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Ta shimfiɗa taswira a gadona. Wai ta kudu za mu bi, can rana ke bugawa, ƙanƙara ta narke tuni. A Kanada ke nan. A nan, a ɗaya ɓangaren duniya, kudu ce inuwa. Har Nuwamba gangaren kamar gilashi yake da safe. Ɗan shekara biyar ya sani.

Ban gaya mata ba. Bari ta je santsi ya zaunar da ita da ɗuwawu, ta ji.

Juma'a, 6 ga Oktoba

Kaka bai ko tambayi hanya ba. "Rayén ta san dutsen." Ban gaya masa ta kudu za mu bi ba.

Asabar, 7 ga Oktoba

Mun hau ta kudu.

Gindin dutsen taɓo, tsakiya ƙanƙara mai laushi, sarƙar Maite na kamawa, ita kuwa tana waƙa. Muka shiga inuwa. Taku goma, ƙusoshin suka daina cizo. Ba zama da ɗuwawu ba ne, littafi. Ta sulale kamar buhu, sai da wani dutse ya tare ta. Ƙasa da shi babu komai sai rafi, can nesa.

"'Yar'uwa, kar ki tafi!" Ba ta taɓa kira na haka ba.

Na sauka da baya, ina kafa haƙora. Na kwance na ƙafa ɗaya na ɗaura mata a ƙafar da ke wajen kwari, kamar yadda Kaka ya taɓa yi min. Ƙafa ɗaya-ɗaya muka fito, awa guda.

A rana ta dube ni, leɓenta na jini. "Kin sani, ko?"

Na ce na sani.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Ta gaya wa Kaka ita ta nace, ni na hana. Ƙarya ce, kuma ban roƙe ta ba. Haushi ma ya ba ni.

Har yanzu tana minshari, tana barin safa a ƙasa. Igiyar fatar haƙoran ta yi mata tsawo, na huda sabon rami. Don kar ta lalata wa Kaka kaya ne kawai.

Gobe zan gaya masa gaskiya. In ka ba ni shafi ɗaya kuma, littafi, zan zo in faɗa maka abin da ya ce.